Tabar lantarki ta iso Nijar, amma ta baro ƙa'idojinta a hanya

A Yamai da Maraɗi da Damagaram tabar lantarki ta daina zama abin kallo. Ana ganinta a fada kusa da butar shayi, ana ganinta a hannun ɗan kabu-kabu da ke jiran fasinja, ana kuma ganinta a butik ɗin masu sayar da caja da murfin salula, an jera ta launi-launi kamar alawa. Wata tsaraba ce daga ɗan'uwa da ke Faransa ko Beljiyam, wata kuma ƴan kasuwa ne suka shigo da ita tare da sauran tarkacen waya. Abin da ba ya zuwa tare da ita shi ne sanin yadda ake riƙe ta. Mai saye ya biya, ya zuƙa, tururi mai ƙamshin mangwaro ya fito, ciniki ya ƙare. Babu wanda ya gaya masa cewa abin da ya zura a aljihu batir ne da ɗan murhu da kwalbar guba a gida guda.

Duk lokacin da aka tayar da zancen a fada, amsar da masu busa ke bayarwa ɗaya ce: ai a Ingila ma likitoci sun ce ta fi sigari sauƙi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A 2015 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta fitar da rahoton da ya ce illarta ba ta kai ta sigari ba da kusan kashi 95 cikin ɗari, adadin da masana da yawa suka yi ta suka daga baya, kuma har yau asibitocin ƙasar na shawartar mashaya sigari da su koma mata idan sun kasa bari. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ba ta tsaya a nan ba, a Disambar 2023 ta yi kira ga gwamnatoci da su gaggauta taka mata birki saboda yadda take jan yara. Amma ko wane ɓangare mutum ya ɗauka, ya kamata ya san a kan wace na'ura ake gardamar. Tun 2014 dokar Tarayyar Turai ta ɗaure ta tamau: nikotin kada ya wuce miligiram 20 a kowace mililita, tankin na'urar da ake yarwa kada ya wuce mililita 2, kwalbar ƙari kada ta wuce mililita 10, murfinta ya zama wanda yaro ba zai iya buɗewa ba, a kuma rubuta abin da ke ciki. Wannan ita ce na'urar da likitan Landan yake nufi. Wadda ta kwana uku a tasha cikin rana, ba takarda, ba sunan kamfani na ƙwarai, ba ita ba ce. An aro hukuncin, an bar sharuɗɗan.

Na'urar kanta ba ta da wuyar ganewa. Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙirƙiro ta a 2003, kuma har yanzu mafi yawanta a birnin Shenzhen ake ƙerawa. Batir na aika wuta zuwa wani siririn zaren ƙarfe da aka naɗe, wanda masu sayarwa ke kira rezistans. Zaren na kewaye da lagwani na auduga, lagwanin na tsotso ruwa daga tanki, zafi ya mayar da ruwan tururi. Ruwan kuwa haɗin giliserin ne da wani sinadari ɗan'uwansa, sai nikotin da kayan ƙamshi. Duk wanda ya taɓa kula da fitilar kwai ya riga ya san rabin aikin.

Babbar matsalar a ƙasar nan ita ce batir, domin ba don yanayin Sahel aka yi shi ba. Masu ƙera batirin litiyom sun saba rubuta cewa kada a yi masa caji idan zafi ya haura digiri 45. A watannin Afrilu da Mayu, a Tawa ko Yamai, inuwa kanta tana kusantar wannan adadi. Ƙarƙashin sirdin babur, ko gaban mota da aka rufe gilasanta a rana, ko ɗakin kwano da tsakar rana, sun wuce nan nesa ba kusa ba. Idan batirin ya yi zafi fiye da kima, sinadaran cikinsa kan fara haifar da nasu zafin, wannan zafin ya ƙara hura su, har iskar da ta taru ta rasa mafita. A wayar salula batirin shimfiɗaɗɗe ne, yakan kumbura ya ɗaga murfi, mai ita ya gani. A tabar lantarki yana cikin bututun ƙarfe ne, saboda haka idan ya tashi fashewa ta ƙarshen bututun yake fita, kuma ƙarshen nan ko dai yana bakin mutum ko yana manne da cinyarsa. Hukumar kashe gobara ta Amurka ta ƙirga gobara da fashewa 195 tsakanin 2009 da 2016, mutum 133 suka ji rauni, kuma a 2018 wani mutum a jihar Fulorida ya mutu bayan tasa ta fashe. Idan aka kwatanta da miliyoyin masu busa adadin ba shi da yawa, gaskiya ne. Sai dai an ƙirga shi ne a ƙasar da ke da sanyin hunturu, da wuta tsayayya, da asibitin ƙuna a kowane babban birni.

Ga kuma yadda ake caji. Inda wuta ke zuwa ta tafi, mutane sun saba jona komai da dare su kwanta. Waya tana kan katifa, tabar na gefenta, gidan sauro ya lulluɓe su duka. Wasu kuma suna kai ta wurin masu cajin waya na bakin titi, inda take kwanciya cikin tarin wayoyi masu zafi a kan allo guda, janareta na ta kaɗawa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta daɗe tana nanata ƙa'idoji masu sauƙi: kada a bar ta a caji a yi barci, a yi amfani da cajar da ta zo da ita, a ɗora ta kan wuri mai tauri nesa da abin da ke kamawa da wuta, a kuma kare ta daga rana. Bakin caja ya shiga ba yana nufin cajar ta dace ba, musamman irin masu saurin cika waya. Na'urar da ta fara zafi a hannu ba tare da an zuƙa ba, ko ta kumbura, ko ta faɗa ruwa, ko take wani wari na daban, ta gama aiki. Ba a kai ta wurin mai gyara ya ɗaure ta da salatif.

Masu manyan na'urori da ake cire wa batir suna da nasu ƙarin haɗarin. Batirin da ake kira 18650, mai kaurin milimita 18 da tsawon 65, an lulluɓe shi ne da wata siririyar leda, kuma ledar nan ba ado ba ce, ita ke raba jikin ƙarfen da bakin batirin. Idan ta yage, ko aka jefa batirin tsirara a aljihu tare da makulli da ƴan silalla, ƙarfe ya haɗa baki da gindi, wuta ta tashi nan take. Ɗan akwatin roba na ajiye shi bai kai kuɗin shayin safe ba.

Sai zaren ƙarfen da lagwaninsa, wanda a nan ne ake gane wanda ya iya da wanda bai iya ba. Fitila idan kananzir ya ƙare aka ci gaba da kunna ta, lagwanin ne ke ci. Haka nan idan tanki ya bushe, ko aka yi ta zuƙa ba hutu har audugar ta kasa jiƙewa, sai ta ƙone, ƙauri ya daki maƙogwaro. Ƙaurin nan ba ɓacin ɗanɗano kaɗai ba ne. Idan ruwan ya sha zafin da ya wuce ƙa'ida yakan rikiɗe ya fitar da formol, sinadarin nan da ake adana gawa da shi, wanda cibiyar binciken sankara ta duniya da ke birnin Liyon ta sa cikin abubuwan da ke haddasa cutar. Wani bincike na jami'ar Johns Hopkins a 2018 ya kuma gano ɓurɓushin ƙarafa, har da dalma, a tururin na'urori da dama. Ƙa'idar ita ce a sauya zaren bayan mako ɗaya zuwa biyu ga mai busa kullum, kuma ruwa mai zaƙi ya fi saurin kashe shi, domin zaƙin na daskarewa a jikinsa kamar ƙanzo a gindin tukunya. Sabo kuma ba a fara zuƙarsa a bushe, ana ɗiga masa ruwa kaɗan, a cika tanki, a jira minti biyar zuwa goma.

To a ina za a samu sabon? Nan gizo ke saƙa. Kowane kamfani da irin nasa zaren, na wannan ba ya shiga na wancan, wani lokaci ma kamfani ɗaya yana da iri goma. Ɗan'uwa ya aiko da na'ura mai tsada daga Marsel da zare biyu a kwali, cikin wata guda sun ƙare, an zagaya kasuwa ba a samu irinsu ba. Mai ita ba zai yar da abin da ake sha'awarsa a fada ba, sai ya ci gaba da zuƙar ƙonannen lagwani wata uku, yana cewa ya saba. Kula da na'ura ba halin kirki na mai ita kaɗai ba ne, yana buƙatar kasuwar da ke sayar da kayan gyaranta, kuma ita ce ba ta iso ba tukuna. Saboda haka tambayar farko ga mai niyyar saye ba launi ba ce ko yawan tururi, a'a, ko akwai zarenta a garin.

Wanke ta ba wani aiki ba ne. A kwance tanki sau ɗaya a mako, a ɗauraye da ruwan ɗumi, a bari ya bushe sarai, kada ruwa ya kusanci ɓangaren batir. A goge bakin kullum. A lokacin hunturu ƙura na cika ramin iska da bakin caja, don haka murfi ko ƴar jaka ba ƙarya ba ce.

Ruwan kuwa ya fi na'urar neman a tsaya a kansa. Zafi na tsinka shi, ya yi ta yoyo a aljihu, ya taɓa fata ko ya shiga baki kai tsaye, nikotin kuma fata na tsotse shi. Rana da zafi suna sa ya yi duhu ya sauya ɗanɗano. Wurinsa inuwa ne mai sanyi, a sama, a kulle. Kullewar ce ta fi muhimmanci a ƙasar da kusan rabin al'ummarta ba su kai shekara 15 ba, inda gida guda ke da yara goma suna shiga kowane ɗaki. Kwalbar mililita 10 mai ƙarfin 20 tana ɗauke da miligiram 200 na nikotin, tana ƙamshin ayaba ko alawa, launinta kamar siro. Kurɓa kaɗan ta isa ta jefa ƙaramin yaro cikin amai da dalalar miyau da gumi da jiri, idan ta yi yawa har jijjiga da tsayawar numfashi. Idan hakan ta faru ba a tsayawa ɗura masa nono ko mai, ba a sa masa yatsa a maƙogwaro. Asibiti ake nufa da shi, a tafi da kwalbar don likita ya ga abin da ya sha.

Akwai kuma wani rubutu a jikin kwali da mutane ba sa karantawa. Inda aka sa 2%, ana nufin miligiram 20 a mililita, iyakar Turai ke nan. Inda aka sa 5%, miligiram 50 ne, ninki biyu da rabi na abin da doka ta yarda a sayar a Faris. Irin wannan nikotin an sarrafa shi yadda ba ya kartar maƙogwaro, saboda haka ɗan lise da bai taɓa riƙe karan sigari ba zai iya zuƙarsa kamar iska, bayan makonni kaɗan ya tarar ba ya iya zaman aji sai ya fita. Haka kuma na'urar da ake yarwa wadda aka rubuta mata zuƙa dubu goma da wuya a ce ta bi ta hannun wata hukumar Turai, domin tankin mililita 2 bai cika wuce zuƙa 600 ba.

Duk wanda ya yi tunanin fasa na'urar da ta ƙare ya ɗura mata wani abu da sirinji, turare ne ko mai ko wani haɗin maye, ya tuna abin da ya faru a Amurka a 2019. Matasa sun yi ta cika asibitoci da huhu a kumbure, zuwa Fabrairun 2020 an kwantar da 2,807, mutum 68 sun mutu. Da aka bi diddigi, mafi yawansu ruwan bayan fage mai sinadarin wiwi suka busa, wanda aka kauraro da wani mai na bitamin E. Man nan ana shafa shi a fata lafiya lau, ana haɗiyarsa lafiya lau. Huhu ne ba a halitta shi don karɓar mai ba.

Wata ɗabi'a da Bature mai rubuta takardar bayani bai san da ita ba ita ce karɓa-karɓa. A fada kofin shayi na zagayawa, amma ana ɗauraye shi tsakanin zagaye. Tabar lantarki daga baki take zuwa baki da ɗuminta, mutum shida, mutum takwas. Nijar na tsakiyar yankin da sanƙarau ke tashi duk rani, cutar kuma ta miyau da numfashi take bi. Daga Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram kaɗai, 18 suka rasu, kuma a shekarar ce mashaƙo ya ɓulla a yankin. Ba a ma zo kan tarin fuka ba. Hana aboki abin hannu abin kunya ne a wurin samari, ana kiran mutum marowaci a kan abin da bai kai wannan ba. To rowa a nan ita ce daidai.

Ƴan ƙasar da ke waje suna da hannu dumu-dumu a wannan lamari, ko da niyyarsu alheri ce. Wanda ya aiko wa yayansa mai shekara ashirin yana shan sigari da na'ura mai kyau, da zaren da zai kai shi wata shida, da ruwan da aka saya a shago mai lasisi, ana iya cewa ya taimaka, muddin yayan ya bar sigarin baki ɗaya, domin haɗa biyun bai rage komai ba. Wanda kuwa ya cusa guda goma masu launi a akwati don rabon ƙanne da ƴaƴan ƴan'uwa, jaraba ya kawo tsaraba, kuma shi ne za a riƙa bugo wa waya a aiko da ƙari. Matafiya su kuma sani cewa dokar jiragen sama ta hana a sa ta cikin akwatin da ke shiga ƙarƙashin jirgi, sai a jakar hannu, ba a kuma yi mata caji a sama. Masu zuwa Indiya karatu ko jinya su bar ta a gida, tun 2019 ƙasar ta haramta shigo da ita da sayar da ita.

Irin wadda ake yarwa bayan ta ƙare, wadda Faransawa ke kira «puff», ƙofofi sun fara rufe mata. Beljiyam ta haramta ta daga ranar 1 ga Janairun 2025, Faransa ta bi a Fabrairu, Birtaniya a ranar 1 ga Yuni, bayan da aka ƙiyasta a 2023 cewa ana zubar da miliyan biyar kowane mako a can. Masana'antun da ke ƙera ta ba su rufe ba. Hajar da aka kora daga kasuwa ɗaya wata kasuwar take nema, kuma duk wanda ya ga yadda tsofaffin firji da motocin da Turai ta gaji da su suka ƙare a Afirka ta Yamma ba ya buƙatar boka ya gaya masa inda za ta dosa.

Dokar yaƙi da shan taba ta Nijar an rubuta ta a watan Mayun 2006, lokacin da na'urar ke da shekara uku kacal a duniya. Wasu za su ce a haramta ta kawai, kamar yadda Mali ta yi wa shisha a 2022. Amma ƙasar da ke da iyaka ta kusan kilomita 1,500 da Najeriya, wadda man fetur na kwalba ke ratsa ta dare da rana, ta san abin da haramci ba tare da tsaro ba ke haifarwa: kayan ba sa ɓacewa, sai dai su koma ƙarƙashin tebur, mafi muninsu ya rage. Abin da ya fi kusa da yiwuwa shi ne ma'aikatar kiwon lafiya da ta kasuwanci da ƴan duwan su fito fili da ƙa'idoji ƙalilan da kowa zai sani: iyakar nikotin, haramcin sayar wa wanda bai kai 18 ba, rubutu a harshen da mai saye ke karantawa, murfin da yaro ba ya buɗewa, da rufe ƙofa ga waɗanda ake yarwa. Kuma duk butik ɗin da ke sayar da na'ura a ɗora masa sayar da zarenta da karɓar matacciyarta.

Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne, domin kowace na'urar da aka jefar tana da batirin litiyom a cikinta, sau da yawa da sauran wuta. A unguwannin da ake cinna wa bola wuta da yamma, yara na tsaye a gefe, almajirai na tonon ƙarfe da roba, batiri cikin wuta harsashi ne. Wanda ya faɗa kwata kuma damina ce za ta kai shi tafki. Kafin a samu wurin tarawa, abin da mai ita zai iya yi shi ne ya liƙe bakin batirin da salatif, ya jefa ta cikin gwangwani mai yashi, ya ajiye a inuwa inda hannun yaro ba ya kai, tare da matattun batiran waya da masu gyaran salula ke tarawa a lungun shagunansu.